Hijabin Inna da Na Rage wa Tsawo Sau Huɗu

Da sunan Allah nake farawa, mai ba da lafiya, mai karɓar abinsa idan lokaci ya yi. Wata uku ke nan da rasuwar mahaifiyata, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe biro. Ba don in sa kowa kuka nake rubutun nan ba, kukan na yi shi har ya ishe ni. So nake duk mai tsohuwa a gida ya karanta, musamman 'yan'uwana mata masu ɗinki, don abin da ya same mu ta tsakanin yatsuna ya wuce ban gan shi ba.

Sunana Saude. Ɗinki nake yi a Gaya, inda aure ya kai ni, shekara ashirin da ɗoriya ina taka keke. Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana Toranke ta ƙasar Ajingi, a gidan da mahaifinmu ya bari, tare da yayana Haladu da iyalinsa. Yaya Haladu manomi ne, gyaɗa da dawa, mutum mai sanyin hali wanda ba ya son a ɗaga masa murya. Ni kuwa bakina ba ya shiru, wannan kowa ya shaida.

Inna doguwar mace ce. In aka ɗora abu a saman rumfa aka rasa mai sauko da shi, ita ake kira. Tsawonta na ɗauko, a da muna tsayawa kafaɗa da kafaɗa. Tana da wani hijabi ruwan toka, wanda Baba ya sayo mata yadinsa a kasuwar Ajingi shekara guda kafin ya rasu, ni na ɗinka. Na yi mata wasu bayansa sun fi goma, amma in salla za ta yi, wannan take jawowa.

Shekara shida da suka wuce, na je yi mata awon kayan salla, sai ta miƙo min shi.

"Saude, ɗan ɗage min wannan, yana share ƙasa. Yadin zamani ba shi da amana, sai saki yake yi."

Na ce zan yanke, ta ce kul, ba a yanka mata yadin Malam, wato Babanmu. Sai na naɗe inci ɗaya na bi da keke. Shekara ta kewayo ta sake kawo shi, na sake naɗewa. Tef ɗina ma ya gaya min, don tsawon rigarta daga kafaɗa zuwa ƙasa raguwa yake yi duk salla. Me na yi da wannan sanin? Tsokana. Nakan ce, "Inna, ke kullum komawa yarinya kike yi, nan gaba sai dai in goya ki." Ta yi dariya ta ce tsufa ne, kowa ya daɗe zai ranƙwafa. Sau huɗu na naɗe hijabin nan, kuma ko sau ɗaya ban tsaya na ce me ya sa ba. Ni da na san yadi ba ya ƙara inci huɗu ko shekara ɗari zai yi a igiya.

A tsakanin nan bayanta ya yi ta ciwo. Akwai ranar da ta sunkuya za ta ɗauki tukunya, ta ji wani abu ya soke ta a gadon baya, ta yi sati uku a kwance. Muka ce sanyin ƙashi ne, na saya mata ƙwayoyi a kemis da man shafawa. Bayan haka ta zame a bakin rijiya, ta dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya karye. Aka kai ta wajen wani mai ɗori a Kademi, Baba Ɗanjuma, ya ɗaure, ya warke sarai. Muka yi ta sa masa albarka. Ba wanda ya ce dafa ƙasa kawai bai kamata ya karya mutum ba. Ruku'u ya fara yi mata wuya, amma ta ƙi salla a zaune. Takan ce ranar da ta fara salla a zaune, to a fara nema mata likkafani.

Da kakar bara, lokacin cirar gyaɗa, na kai mata ziyara ta sake nuna min hijabin. Lokacin ina da kayan biki jibge a shago, na ce ta bari sai sati na sama zan zo da allura da zare. Sati na sama bai zo ba. Ranar wata Laraba da azahar ta yi alwala, ta saka hijabin, za ta tsallaka dokin ƙofa ta taka bakinsa. Faɗuwar ba wata mai nisa ba ce, zama ta yi a kan kwankwasonta na dama. Amma ba ta ƙara tashi da kanta ba.

Da Yaya Haladu ya yi min waya ya faɗi abin da ta taka, sai da na nemi wuri na zauna. Na isa Toranke da la'asar na same ta a kan tabarma, ƙafar dama ta juya waje, kuma ta fi ɗayar gajarta. Ni tela ce, idona ba ya kuskuren awo. Na ce a kai ta asibiti. Yaya ya ce, "Haba Saude, kin manta hannunta? Asibiti in suka ga tsohuwa yanke ƙafar za su yi." Maƙwabta suka goya masa baya, ni kuma laifin hijabin ya danne min harshe. Karo na farko a rayuwata da na yi shiru, kuma shi ne shirun da ya fi kowanne tsada.

Satin farko aka ɗauko Baba Ɗanjuma a babur. Ya taɓa, ya ja, Inna ta cije gefen zane ba ta yi ƙara ba, sai zufa. Ya ce gocewa ce da ɗan tsagewa. Ya shafa man shanu da magani, ya jera tsinkayen kara ya ɗaure cinyar. Sannan ya sa aka kamo kaza, ya karya mata ƙafa ya ɗaure ita ma, ya ce ranar da kazar ta taka, Inna za ta taka. Ba zan zage shi ba. Bai yanka mana farashi ba, abin da aka ba shi ya karɓa, kuma abin da ya gada ya yi. Sai dai karayar tana can cikin kwankwaso, inda kara ba ya kaiwa.

Sati na biyu na rufe shago na tare a Toranke. Masu dubiya kowa da nasa maganin. Wannan ta ce a yi mata gashi da ruwan zafi safe da yamma, waccan ta ce romon ƙafar saniya, wani ya ce sammu ne a kan gona. Mun yi gashin, mun yi romon. Ni nake juya ta, ni nake sa mata fo, ita kuma kunya kamar ta kashe ta, macen da ko zanenta ba ta yarda wani ya wanke mata. Salla a kwance take yi da nuni, in ta sallame sai ta juya fuska bango. Duk safiya tambayarta ɗaya ce: "Kazar ta taka?"

A sati na uku kazar ta taka. Ina gani tana ɗingishi tana tsattsagar tsaki a tsakar gida, matar Yaya har da guɗa. Aka kama Inna mutum biyu za a tsayar da ita. Ƙarar da ta yi ranar, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Muka mayar da ita muka kwantar, ba wanda ya kalli wani.

Sati na huɗu na ga gyambo ya buɗe a ƙasan bayanta saboda kwanciya, yana wari. Nan bakina ya dawo. Na samu Yaya a zaure na ce, "Yaya, in ba ka kai ta ba, ni zan goya ta in kai ta titi. Kaza ta warke, uwarmu tana ruɓewa." Ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Washegari ya kai gyaɗar da ya yi niyyar ajiyewa kasuwa tun ba ta yi daraja ba. Ban taɓa jin ya ambaci wannan asarar ba, Allah ya saka masa.

A asibitin kusa suka ɗauki hoton ƙashi, suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, sai birni. Muka sayi kujerar baya gaba ɗaya a bas ɗin Ajingi don ta kwanta. Duk ramin da motar ta faɗa, a fuskarta nake ganinsa. A Kano muka yi kwana biyu tsakanin layin kati da layin hoto da layin gwajin jini kafin a samu gado, muna kwana a baranda da sauran masu jinya. Akwai ma'aikaciyar da ta daka min tsawa a gaban jama'a, ta ce sai mun gama lalata tsohuwa muke kawo ta. Na ji zafi ƙwarai, kuma abin da ya fi ciwo shi ne ba ƙarya ta yi ba. Akwai kuma wata nas, 'yar siririya, da take wanke gyambon Inna tana yi mata hira kamar kakarta. Ban riƙe sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

A sati na biyar likitan ƙashi ya kira mu ni da Yaya. Ya ɗaga hoton a haske ya nuna mana inda wuyan ƙashin cinyar ya rabu. Ya ce ba wanda zai yanke mata ƙafa, aiki za a yi a sa ƙarfe, kuma da a satin farko muka zo, da cikin 'yan kwanaki an tsayar da ita. Yanzu sai gyambo ya kama hanyar warkewa, jini ya ƙaru. Ni kuma na kasa riƙe abin da ke cina, na ce, "Likita, laifina ne. Hijabinta ta taka, ni ce ban rage mata tsawonsa ba."

Ya ajiye hoton ya dube ni. "Hijabin ne ya yi mata tsawo? Da can daidai yake?"

"Daidai yake. Sau huɗu ina ragewa."

"Nawa kika rage?"

"Inci huɗu, a shekara shida."

Sannan ya ɗauko wani hoton, na bayanta, ya nuna mana ƙasusuwan gadon baya guda uku da suka lotsa. Ya faɗi wani dogon suna na Turanci da ban iya riƙewa ba, ya ce da Hausa zaizayewar ƙashi ke nan. Ya ce ƙashin yakan zama kamar karan dawa da gara ta cinye cikinsa, a ido lafiya lau, a taɓa ya ruguje, kuma ya fi kama mata bayan al'ada ta ɗauke. Ciwon bayan nan na tukunya karaya ce, hannun ma gargaɗi ne. Ya ce, "Hajiya, ba hijabi ne ya karya ta ba. Ko bai kayar da ita ba, wani abin zai kayar. Amma ranƙwafawa da raguwar tsawo irin wannan ba tsufa ba ne kawai, ciwo ne, kuma yana da magani in an zo da wuri."

Ya faɗa ne don ya sauke min nauyi, bai san wani ya ɗora min ba. Sati biyar ina kukan naɗin da ban yi ba, ashe huɗun da na yi su ne abin kuka. Ciwon da likita yake buƙatar na'ura kafin ya gani, ni da tef na auna shi shekara shida ina dariya.

Muna cikin jiran aiki, a sati na bakwai, aka zo ɗakin aka ce wasu likitoci da malaman jami'a suna gayyatar masu ciwon ƙashi da masu jinyarsu zama. Na so in ƙi, Inna ta ce a kai ta, ta gaji da kallon silin. Na tura ta a keken marasa lafiya. Wata malama mai tabarau ta yi bayani da Hausa. Ta ce su masu bincike ne, tambayoyi a kan ciwon nan suna da yawa, kuɗi da masu aikin kaɗan ne, ba za a iya bin duka lokaci guda ba. Shi ya sa suke so waɗanda abin ya ci su faɗi wanda za a fara da shi. Aka jera kwanuka a tebur, kowane kwano da tambayarsa: yadda aikin ƙarfe zai yi sauƙin kuɗi, wane magani ne ya fi ƙarfafa ƙashi, wane abinci namu na gida ne ke taimakawa, yadda za a haɗa kai da masu ɗori su riƙa turo irin wannan karaya da wuri. Aka ba kowa wake biyar ya zuba inda ya ga dama.

Inna ta kalli na tafin hannunta ta ce, "Ikon Allah. Wake dai a garinmu dafawa ake yi." Aka yi dariya. Malamar ta durƙusa a gabanta ta ce, "Inna, ke me kike so a bincika?"

"Ni dai 'yar nan, ku bincika min ko mutum zai sake tsayawa ya yi salla."

Malamar ta ce likitanta ne zai fi sanin wannan, amma ta rubuta. Sai ta tambaya ko akwai abin da ba a sa a kwanukan ba. Na miƙe na zaro tef daga jaka, don ko'ina da shi nake yawo. Na ba su labarin hijabin daga farko har ƙarshe. Na ce duk kwanukan nan na bayan an faɗi ne, ko na wanda ya riga ya san yana da ciwon. A Toranke ba na'ura, ba likitan ƙashi, amma ba tsohuwar da ba a yi wa awo duk salla. Ku bincika mana yadda mutumin ƙauye zai gane ciwon nan kafin a faɗi, ko da tef ne, kuma in ya gane, ina zai nufa.

Malamar ta sa aka kawo wani kwano, ta rubuta tambayata ta jingina. Da aka zo zubawa, kwanon kuɗin aiki ya fi kowanne cika, kuma ban ga laifin kowa ba, duk wanda ke ɗakin ya sayar da wani abu kafin ya zo. Inna ta ce in matsar da ita. Ta wuce sauran, ta juye wakenta biyar a nawa, sannan ta riƙo hannuna ta ce a hankali, "Ki daina cin kanki, Saude. Ni na ce miki yadin ne ya saki."

Sun karɓi lambar wayata sun ce za su sanar da mu abin da aka tsayar. Har yau ban ji kira ba. Ban sani ba ko aikin ne mai tsawo, ko takardar ce ta shige ƙarƙashin wasu. Ina gode musu da suka tambaye mu, don ba a saba tambayar irinmu ba, amma wanda aka tambaya yana son jin amsa.

A sati na takwas aka yi aikin, kuma ya yi kyau. Kwana uku bayansa masu gashin ƙashi suka kawo ƙarfen dogarawa, suka ɗaga ta, ni a dama, nas ɗin nan a hagu. Ta tsaya. Ƙafafun sun rame kamar ba nata ba, kanta da ƙyar ya kai kafaɗata, amma ta tsaya. Aka ce ta taka, ta ce a dakata, ina gabas? Aka juya ta. Ta ce in saka mata hijabinta. Na riga na naɗe shi karo na biyar da hannu a barandar asibiti. Ta saki ƙarfen da hannu ɗaya, ta ɗaga, ta yi kabbara a tsaye. Fatiha kawai ta iya kaiwa gwiwoyin suka saki, muka zaunar da ita ta ƙarasa a zaune. Ranar ta ci abinci sosai, har ta tsokani Yaya a kan kazarsa.

Wannan ce tsayuwarta ta ƙarshe a salla. An sallame mu a sati na goma da maganin ƙarfafa ƙashi, wanda ya kamata a ce ta fara sha shekara shida baya. A gida ta riƙa taku biyu uku da ƙarfen, amma doguwar kwanciyar ta riga ta cinye ta. A sati na goma sha biyu tari ya kama ta da zazzaɓi, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Muna shirin neman mota da hantsi ta cika, kanta a cinyata. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Da za a yanka likkafani, matan gidan suka ce, "Saude, ke ce tela." Na ɗauko tef na auna ta, awo na ƙarshe. Ban faɗa wa kowa abin da na gani ba, na dai yanka.

Ga abin da nake roƙo. In tsohuwarku ta fara ranƙwafawa, ko zanenta ya fara ja da ƙasa, ko ta karye a faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, kada ku ce tsufa ne ku wuce. In kuwa ta faɗi ta kasa tashi, a fara ɗaukar hoto kafin a kira kowa. Kwanan baya wata dattijuwa, ƙawar surukata, ta kawo min hijabi ta ce yana share ƙasa. Na ce, "Baba, yanzun nan zan naɗe miki, ba gobe ba. Amma sai kin yi min alkawarin za ki bar ɗanki ya kai ki a duba bayanki." Ta ce ni kam na cika fitina, daga kawo ɗinki sai asibiti? Na ce eh, haka shagon nan ya koma.

Da aka raba kayan Inna, hijabin kawai na ce a ba ni. Na zauna da reza na warware naɗin ɗaya bayan ɗaya, har biyar. Na wanke na goge, amma layukan da allura ta bi sun ƙi ɓacewa, suna nan a jere, kowanne da shekararsa. Na saka shi ya sauka daidai idon sawuna, ba ƙari ba ragi, kamar ranar da na fara ɗinka mata. Da shi nake salla yanzu, a tsaye.